Rabin Bulon Gidan Gem

Kafin la'asar ta Juma'a, duk Bodinga ta gama yanke hukunci: Ja'afar mai gyara, baƙon nan na Shagari, shi ya sace Dogo.

Dogo tsohon akwatin gem ne mai tsayin mutum, wanda ba ya tashi sai an jefa masa sule. Shi ne farin jinin gidan gem na bayan tasha tun zamanin marigayi mai gidan. Gidan ya daɗe a rufe, har ɗansa Zayyanu ya gyara shi, ya zuba sabbin na'urori, ya sa ranar buɗewa. Ana saukowa daga masallaci aka tarar da gurbin Dogo wayam, kwaɗon ƙofar gaba kuwa lafiya lau. Ja'afar ke riƙe da ɗayan mabuɗin. Aka kulle shi, Litinin za a kai shi kotu.

Malama Nana Hauwa, tsohuwar hedimastar firamare, ba ta yarda da maganar da gari ya haɗu a kanta da wuri haka. Ta yafa mayafi ta tafi.

"Mi anka ɗauka?" ta tambayi Zayyanu.

"Dogo, Malama. Sai gwangwanin tsoffin sulallan da muke jefa mai."

"Sabbin na'urorin hwa?"

"Ko taɓa su ba a yi ba."

Ta duƙa a gurbin. Ga sawun ƙafafu huɗu a siminti, ga wani zane mai kusurwa a baya.

"Nan mi ke zaune?"

Zayyanu ya dafe kai. "Rabin bulo! In ba a tokare shi da shi ba, sule ba ya wucewa. Har shi sunka kwashe?"

Ta miƙe. Ta je ƙofar baya, ta sa shi ya cicciɓa ta sama. Ƙofar ta fice daga ƙugiyarta, sakata na nan a rufe. Zayyanu ya saki baki.

"Ta nan ɗalibaina ke tserewa in na shigo da bulala," in ji ta.

A ofishin 'yan sanda, Sajan Ɗahiru ya bar ta ta ga Ja'afar, don ita ta koya wa Sajan ɗin baƙi.

"Ɗana, kana iya kunna Dogo ba sule?"

"Waya biyu zan haɗa, Inna, ya yi ta aiki har gobe. Na ce ma a jefar da bulon, Zayyanu ya ƙi. Wallahi ban ɗauka ba. Tsohuwata ba ta ko sani ba ina nan."

Sajan ya ce, "To ko Maniru mai gidan kallon ƙwallo ne? Gidan ƙwallonsa zai rasa yara."

Aka kira Maniru. Ya zo yana huci.

"Ni in ɗauki wannan akwatin gawa? Da mugunta ce, sabbin zan kwashe!"

"Mi ake sawa ƙarƙashin Dogo?" Malama ta tambaya.

"Ƙarƙashi? Tabarma?"

Ta sallame shi. Yana goye a bayan uwarsa aka rufe gidan.

"Ɗahiru, saurara. Mai son sayarwa ba ya ɗaukar sulen da ba ya sayen ko ashana. Mai gyara ba ya bukatar bulo. Wanga ɓarawo wasa yake son yi, kuma ya san ƙofar baya. Ka nemi mai furfura."

"Malama, 'yan wancan zamani duk dattawan gari ne yanzu!"

"Shi ya sa ba ku dube su ba."

Asabar ta yi ta yawon gaishe-gaishe wurin tsoffin ɗalibanta, idonta a kan hannuwansu. Kan sandar sarrafa Dogo ya daɗe da karyewa, ƙarfen yana cin tafin duk wanda ya daɗe yana murza shi. Likitan dabbobi, tafinsa sumul. Direban bas, kanta ce ta sitiyari. Da hantsi ya ɗaga ta isa rumfar Alhaji Ƙasimu, dillalin albasa, shugaban iyayen da suka kai ƙara kada a buɗe gidan.

"Malama! Sannu da zuwa. Kin ga abin da nike hwaɗi? Gidan ɓata tarbiyya, ga shi ya hwara da sata."

Carbi na hannunsa na hagu. Na dama yana cikin aljihu.

"Ƙasimu, yaushe ka koma bahago?"

"Ƙuna ce, Malama. Shayi."

"Mu gani."

Ya miƙo kamar yaron aji uku. Bororon ruwa ne zagaye, tsakiyar tafi, daidai bakin ƙarfe.

"Jiya ina ka yi Juma'a? Ba a gan ka sahun gaba ba."

"Sihwawa na tahi."

"Da motar albasa?"

Ya mayar da hannun aljihu. Ta tuna shi sarai: yaron da ta fi ja da kunne daga gaban Dogo, yana kuka yana cewa saura kaɗan ya cinye.

Da azahar Sajan Ɗahiru da Zayyanu suka bi ta zuwa shagon ajiyar Alhaji mai sola a rufi, a hanyar Danchadi, Alhajin na biye da su. Leburorinsa biyu suka ce firji aka ce su ɗauko a gyara, an lulluɓe shi da buhuna. Aka ture buhunan. Ga Dogo a tokare da rabin bulo, ga kujera, ga gwangwani a buɗe. Gilashin na da ɗumi.

"Innalillahi," in ji Sajan, ya cire hula. "Alhaji? Kai da ka ce a rufe?"

"Sau nawa na aika a saye shi, yaron ga ya ƙi," Alhaji ya ce, bai ɗago ba. "Na ce in an hana buɗewa zai saki. Da girmana, da surukaina, in je in bi layi da yara?"

"Ja'afar hwa?" Malama ta tambaya. "Ka ji an kulle shi?"

"Na ji."

Kafin magariba aka saki Ja'afar, ya hau motar Shagari bai yi wa kowa sallama ba.

Alhaji Ƙasimu ne ya ɗauke Dogo ana tsakiyar huɗuba. Ya san wani na kulle a kansa, ya ci gaba da jefa sule.