Ginshiƙin Tsakar Falo

Yashi ne ya fara zubo mata a kan mayafi.

Auta ta ɗaga kai. Tsagar da ta gani jiya a rufin kankaren kamar zare, yau yatsa zai shige ta... daidai inda ginshiƙin yake tsaye kwana uku da suka wuce.

"Innalillahi! Na kashe kaina..."

Tsohon kantin yadi ne saurayinta mai walda ya gada, ya ce nan za su zauna. Baba ya ƙi ƙememe, wai 'yarsa ba bandir ba ce da za a jera ta a kanti. Da ƙyar da siɗin goshi ya sauko, shi ma da sharaɗi: ranar da hukumar tsara gari ta buga hatimi cewa wurin ya zama gida, zai ba da ita. In aka hana, kowa ya kama gabansa.

Wata bakwai bawan Allahn nan yana sintiri da zanen gini a hammata. Yau ƙarfe goma za a zo dubawar ƙarshe.

To ita uwar iyayi me ya kai ta? Bakin Goggo! "Amarya da gungumen ginshiƙi a tsakar falo? Kujerun a ka za ki ɗora su?" Maƙwabcinsu mai shagon taya, wanda ta taɓa ce wa ba ta so, yana ji. Ya biyo ta da fara'a, ya ce ai ado ne kawai, yana ma da magini mai sauƙin kai. Mai walda na yin tafiyar aiki ta sa aka sa guduma, wai ita a dole za ta ba shi mamaki.

"Auta? Ga ni na dawo, farin cikina..."

Mai walda ya ja ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi wurin da babu komai, ya dubi sama. Ba ta taɓa ganin tsoro a idonsa ba sai yau.

"Ina ginshiƙin?"

"Ni ce... ni na sa aka cire. Don Allah mu shafe tsagar da siminti, saura rabin awa, ba wanda zai lura!"

"In shafe?" Ya juyo ya dube ta. "In shafe, sannan in kawo ki ki kwanta a ƙarƙashin wannan? Gara in rasa ki kina numfashi!"

Kuka ya ƙwace mata.

Mota ta tsaya a waje. Injiniyar hukuma ce, dattijuwa mai gilashi, bayanta kuma ga Baba da sandarsa, ya zo gani da ido. Mai taya ya jingina a ƙofar shagonsa yana sakace.

Injiniya ta buɗe zanen, ta dubi falon.

"A nan akwai ginshiƙi. Wa ya cire shi?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Ni ne, ranki ya daɗe," in ji mai walda, bai ko ƙifta ba.

Baba ya buga sanda. "Ai na faɗa! Wannan zan ba wa 'yata?"

"Wallahi ba shi ba ne, Baba!" Ita kanta ba ta san tana da wannan muryar ba. "Ba ya ma gari! Ni ce, ni ce da shegen son gwaninta... har cewa na yi mu ɓoye, ya ƙi!"

Ƙas! Wani abu ya amsa a sama.

Ba ta ga lokacin da mai walda ya fizgo ta ba. Sai ji ta yi wani ɓangaren kankare ya dira inda take tsaye, ƙura ta turnuƙe, hannun rigarsa ya jiƙe da jini.

"Kowa waje!" Injiniya ta daka tsawa.

A bakin titi ta zaro wata wasiƙa daga jaka. An kai ƙara ofis, ta ce, cewa an cire ginshiƙi, kuma ranar da aka cire ɗin aka rubuta ta. Auta ta waiga. Bayan magini, mutum ɗaya ne ya san ranar, ga shi can yana ja da baya cikin tayoyinsa.

"Na zo in gani ko za ku rufa min ido," in ji injiniya. "Da na tarar da sabon shafe, da jan fenti zan shafa wa ginin in tafi, sai rusau. Yanzu a tokare rufin da ƙarfe, yau ɗin nan. A mayar da ginshiƙi, in dawo."

Auta ta durƙusa gaban Baba.

"Baba..."

"Sharaɗina yana nan. Babu hatimi, babu aure."

Sai Baba ya miƙa mata sandar, ya naɗe hannun riga, ya juya wurin mai walda.

"Kai kuma ɗaure hannun nan. Ina ƙarafan naka? Zo in riƙe maka, ɗana."

Sati shida aka yi kafin hatimin ya sauka a takarda, Auta kuwa har ta rame don fargaba. Sabon ginshiƙin ya ninka na da kauri.

Bayan biki Goggo ta shigo, ta zagaya shi tana taɓe baki.

"Oh ni! Yanzu da wannan ƙaton za ki zauna?"

Ango ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Auta ta jingina bayanta da ginshiƙin, ta gyara zama.

"Goggo, kujerun ne za su matsa. Shi kam yana nan."