Abin da Zahraddeen Ya Ji a Cheras

Masu cewa tsafi ba ya kama ɗan boko ba su san Zahraddeen ba.

Karatu aka turo shi Kuala Lumpur tare da ƙanensa Adnan, amma a ɗakinsu na Wangsa Maju jita ta fi littafi shan hannu. Suka kafa ƙungiyar kiɗan pop punk, mai gudun ganga da ihun samari. Zahraddeen ke kaɗa jita, abokinsu Munzali na ganga, Adnan kuma shi ke waƙa, da wata murya mai sa mutum kewar gida. Sun daɗe suna wasa a lungunan Bukit Bintang, ladansu shinkafa da shayi. Adnan ko a jikinsa. Zahraddeen kuwa abin na cin ransa.

Wata la'asar, ana tsuga ruwa, ya hau wani tsohon bene a Cheras wurin bomoh, wato bokan mutanen Malay. Tagogi a rufe, hayaƙin turare ya tokare maƙogwaro. Ga ƙyalle rawaya a shimfiɗe, ga lemun tsami cikin kwanon ruwa. Tsohon ya sa shi cire tsirkiya ɗaya daga jitarsa, ya ɗaure lemon da ita tamau har ruwansa ya fito ja.

Malayancin Zahraddeen na sayen abinci ne, amma ya ƙi zuwa da tafinta don kada asiri ya tonu.

"Suna kake so ko dukiya?" in ji tsohon.

"Duka biyu, Tok," ya ce, wato Kaka.

"Akwai abin da za ka bayar." Tsohon ya faɗi kalma ɗaya ƙasa-ƙasa.

Zahraddeen ya ji *suara*, wato murya. Dariya ta kusa ƙwace masa. Shi da ba ya waƙa, me murya ta tsinana masa?

"Ka ji da kyau?"

"Boleh lah, na yarda, Tok. Ɗauki duka."

Kafin shekara ta zagayo waƙarsu ta cika gari, suka koma gidan alfarma. Kullum da safe Zahraddeen sai ya yi gyaran murya, ya ji tana nan, ya ce ya ci banza.

Sai Adnan ya yanke jiki ya faɗi a kan dandamali, waƙa a bakinsa. Likitoci ba su ga abin da ya kashe shi ba. Ba a yi arba'in ba babban yayansu ya bi shi a Kano. Ƙanwarsu Walida kuma hankalinta ya gushe, tana ta rera waƙoƙin Adnan tana kuka.

Zahraddeen ya koma Cheras wurin tsohon.

"Murya muka yi da kai. Ga ta nan, ba ka taɓa ba."

"Suara?" tsohon ya ce. "Me zan yi da muryarka? *Saudara* na ce."

Wannan kalmar ya san ta. 'Yan'uwa.

"Kuma da bakinka ka ce duka."

Ƙungiya ta watse, dukiya ta bi ruwa, Munzali ya tattara ya koma gida. Duk wanda kwaɗayi ke kai shi ƙofar boka, ya sani ba shi kaɗai zai biya ba, kuma ba a mayar da ciniki.

Zahraddeen na nan a Wangsa Maju, ya kasa komawa Kano. Duk Juma'a mahaifiyarsa na kiransa a waya.

"Yi mini magana, ɗan nan," takan ce. "Muryarka kaɗai ta rage mini."