Ranar da Baƙuwa Ta Buga Ƙarfe

A wata makarantar firamare akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ita ce mai buga ƙararrawa. Ƙararrawar ma ba ta gaske ba ce. Wani tsohon ƙarfen mota ne aka rataye a bishiya, ana dukan sa da guntun rodi. Amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabanta! Sai ta buga ake shiga aji, sai ta buga ake tashi. Yara suka sa mata suna Sarauniyar Ƙarfe, ita kuwa kanta ya kumbura.

Ranar Litinin Malama ta shigo da wata yarinya siririya.

"Mun yi baƙuwa," in ji Malama. "Yaƙi ne ya raba su da garinsu. Ita da kakarta suna sansanin da ke bayan asibiti. Ku riƙe ta hannu bibbiyu."

Da lokacin tara ya yi, wato hutun cin abinci, Sarauniya ta fita ta buga ƙarfe sau uku. Tana dawowa ta tarar aji ya kaure da dariya. Baƙuwa ce ta shige ƙarƙashin tebur, ta toshe kunnuwa. Sarauniya ma ta yi dariya har da riƙe ciki.

Washegari ta ƙara ƙarfin bugun, sannan ta ruga taga ta leƙa. Ranar Laraba kuwa sau goma ta buga, da iya ƙarfinta. Baƙuwa ta fito a guje ta yi waje, takalminta ɗaya ya faɗi a ƙofar aji.

Ranar Alhamis ba ta zo ba. Juma'a ma shiru.

Malama ta kira Sarauniya. "Sau nawa ake buga ƙarfe?"

"Sau uku, Malama."

"Ranar Laraba fa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ba ni rodin," in ji Malama. "Kakarta ta aiko cewa yarinyar ta bar makaranta ke nan. Ungo takalminta. Ke za ki kai mata."

A gida Sarauniya ta kasa cin abinci. Umma ta dube ta. "Yau kuma wa ya taɓa mana Sarauniya?"

Ta fashe da kuka, ta faɗi komai. "Wallahi Umma wasa nake yi."

"Ita ma ta yi dariya?"

"A'a."

"To ba wasa ba ne. Wanke fuskarki, tare za mu je."

Tantinsu a sansanin ƙarami ne. Tabarma ɗaya ce a ciki, da tukunya, da buhun kaya. Baƙuwa ta laɓe bayan kakarta. Tsohuwar ta karɓi takalmin, ta yi musu sannu da zuwa.

"'Yar nan, ke ce mai ƙarfen?"

"Ni ce, Kaka. Ku yafe mini."

"Zauna ki ji. A garinmu ma akwai irin ƙarfen nan. Ba a buga shi sai in mahara sun taso. In ka ji shi, ka ɗauki ɗanka ka gudu. Ranar da aka buga na ƙarshe, tun daga nan ba mu sake ganin gidanmu ba. Iyayenta ma har yau neman su muke yi."

Kunya ta kama Sarauniya, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta matsa kusa da baƙuwa.

"Ƙarar ce ba kya so?"

Baƙuwa ta yi magana can ƙasa-ƙasa. "Ban san lokacin da zai zo ba. Sai dai kawai in ji shi a kaina."

Sarauniya ta tuna da rodinta. Tana son rodin nan kamar ranta. Can ta ce, "To in ke ce kike bugawa fa? Ai kin san lokacin."

Ranar Litinin baƙuwa ta dawo makaranta, Sarauniya ta je ta faɗa wa Malama. Malama ta ɗaga gira. "Sarautar taki fa?"

"Na sauka, Malama."

Lokacin tara ya yi. Su biyu suka tsaya a gindin bishiya. Baƙuwa ta riƙe rodin da Malama ta ba ta, sai Sarauniya ta ɗora hannunta a kan nata.

"Zan ƙirga. Ɗaya, biyu, uku!"

Ƙarfe ya yi ƙara. Baƙuwa ta runtse ido, amma ba ta gudu ba. Da ta buɗe, sai ta ga yara suna fitowa da tsalle da murna. Babu mai kuka, babu mai ɗaukar kaya.

"Ba gudun tsoro suke yi ba," ta ce.

"Gudun cin abinci ne! Saura biyu, yi sauri, yunwa nake ji."

Baƙuwa ta yi dariya, ta buga sauran biyun ita kaɗai.

Daga ranar ba ta sake fashin makaranta ba. Sarauniya kuwa ta koyi darasi: in ka ga mutum yana jin tsoro, kada ka yi masa dariya. Tambaye shi dalili, sannan ka tsaya kusa da shi.