Hoton da Ya Kama Inna Tana Kallona

"A gaya wa waccan ta kira mai hotonta ya zo ya kwashi goronshi!"

Inna ce ta faɗa, ko mayafi ba ta cire ba, dawowarta ke nan daga gidan suna. Ba ni take kallo ba, bangon rumbu take kallo, alhali daga ni sai ita a tsakar gidan, sai kaji.

Muciya ta suɓuce daga hannuna.

"Inna... mi ya faru?"

"A tambaye ta mana! Ni za a ɗora bisa waya duniya ta gani? Ni Atine?!"

Ta shige ɗaki ta saki labule.

Na san hoton da take nufi. Guda ɗaya ne tak.

Ni ce Rufaida, 'yar fari a gidan Malam Dikko da ke Gummi. A danginmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa dariya gaban mutane. Kunya ce, haka aka gada. Shekara ashirin da ɗaya ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ni ce "ke", ni ce "waccan". Ƙannena kuwa har cinya take ɗora su. Na saba, wallahi na saba, amma wani lokaci nakan tambayi kaina: kunyar ce kawai, ko dai ba na cikin ranta?

Shi kuwa mai hoton, Tasi'u ne, mutumin Anka. A bikin ƙawata a Bukkuyum na fara ganinsa, ya bar amarya zaune da kwalliyarta ya je ya durƙusa yana ɗaukar wata tsohuwa da ke tuƙa tuwo.

Ni da bakina ba ya shiru na ce, "Malam, tsohuwar aka ɗaura wa aure?"

Ya yi dariya ya juyo mini da kyamarar.

"Duba ki gani, sarkin magana."

Na duba... Tururi na tashi, rana ta ratsa ta cikinsa ta sauka a goshin tsohuwar. Ban taɓa sanin tuwo na da kyau haka ba.

"A ina ka koyi wannan?"

Sai ya zaro ambulan irin wadda yake zuba wa mutane hotuna, ya rubuta adireshi bakwai na yanar gizo a bayanta, kowanne da ɗan bayani. Na ɗaya yana koyar da haske, yadda za ki gane inda rana ta fito kafin ki danna. Na biyu na wani ne da ba ya ɗaukar komai sai hannuwan masu sana'a. Na uku baƙi-da-fari zalla, "kar ki buɗe shi in kina sauri." Akwai na wata mata mai bin masunta a bakin teku, akwai na tsofaffin hotunan kasuwanni. Na bakwai kuwa dandali ne da masu koyo ke baje aikinsu, gwanaye na yi musu gyara. A can ƙasa ya ƙara na takwas: lambar wayarsa.

Kai, Tasi'u ɗan duniya ne!

Daga ranar na zama 'yar hawa turmi. Gidanmu sabis ba ya kamawa sai ka kife turmi a jikin katanga ka hau ka ɗaga hannu. Hoto ɗaya sai ya yi minti biyar yana buɗewa, goshi ya fito, ido ya fito, haɓa ta ƙi zuwa. Ina kallo, ina kiran shi.

"Hasken idona, yau wanne kika shiga?"

"Na masunta. Mi ya sa duk ba su kallon mai ɗaukarsu?"

"Shi ne sirrin, Rufaida. Mutum ya fi gaskiya in bai san ana ɗaukarshi ba."

Haka muka yi shekara guda. Soyayyarmu duk a kan ambulan ɗin nan ta girma, har magabatansa suka kawo goro, Baba ya karɓa, na riƙa tafiya kamar ba na taka ƙasa don daɗi.

Sai ranar wata Talata bayan la'asar. Rana ta sauko ta kan katanga, irin hasken da shafi na ɗaya ke yabo. Na jingine wayata a kan turmi, na saita ta ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa goma, na zauna na juya baya ina tsintar wake. Niyyata in nuna wa Tasi'u na iya darasi.

Can na ɗauko wayar na duba.

Ga ni a gefe, fuskata ba ta fito ba. Amma can a bakin ƙofar ɗaki ga Inna tsaye da ƙwarya a hannu, tana kallona. Kallo na sosai, da murmushi, irin wanda ban taɓa gani a fuskarta ba. Ashe haka take yi in na juya baya!

Na shige bayan rumbu na yi kukana har na gode wa Allah, sannan na tura wa Tasi'u.

Nan take ya kira.

"Rufaida... wanga ya fi duk abin da na taɓa ɗauka. Bari in sa shi a shafi na bakwai."

"Fuskata ba ta fito ba ko?"

"Ko kaɗan."

"To sa shi."

Kun ji wautarmu. Mu biyu duk haihuwar ƙasar nan, amma fuskata kawai muka tuna. Ba wanda ya tuna cewa uwa ce aka kama tana kallon 'yar fari.

Mutane daga ƙasashen da ban san sunansu ba suka yi ta yabo, ni kuma kai ya kumbura na nuna wa Sahura, 'yar ƙanen Baba. Ita fa Sahura tun a Bukkuyum sau uku ta sauya kaya don Tasi'u ya ɗauke ta, ya ɗauki tsohuwa ya bar ta. Ta ce, "Kai, ya yi kyau! Turo mini mana, 'yar'uwa." Na tura mata da hannuna.

Ranar sunan nan, Gwaggo Barakatu, yayar Baba, ita ta biyo bayan Inna, ta ba ni sauran labarin.

"'Yar nan, Sahura ta tashi wuta. Ta bi mata ɗaya-ɗaya da waya a gidan suna. Sai guɗa, sai shewa! 'Atine, ashe ke ce mai ƙura wa ɗiyar fari ido haka? Ina kunyar?' Uwarki ko fura ba ta sha ba ta taso."

Na kife turmi na hau ina kuka.

"Tasi'u, an ce ka zo ka kwashi goronka..."

Ya ce, "Innalillahi. Laifina ne. Kar ki yi kuka, rabin raina, motar farko zan hau."

Washegari da hantsi ya iso. Ya durƙusa a zaure gaban Baba, Baba ya ce, "Ni ba ni da ta cewa, yaro. Wadda aka kunyata tana ciki." Gwaggo ta ja shi har ƙofar ɗakin Inna, ya tsuguna a wajen labule, kai a ƙasa, ni kuma na rakuɓe bayan Gwaggo.

"Inna, ina kwana."

Ya ƙara sunkuyar da kai ya ci gaba.

"Inna, na yi kuskure. Haske na gani, ban ga kunyarki ba. Na cire shi daga shafin, na goge na wayata."

Gwaggo ta ce, "Na Sahura ma gabana aka goge shi, da kunnenta a hannuna."

Ya zaro ambulan daga aljihu ya ajiye a bakin labule.

"Guda ɗaya na wanko, don ki yaga da hannunki ki huce. In kin ce in kwashi goro zan kwasa, Inna, amma wallahi ban san inda zan kai raina ba."

Ban san lokacin da na matso ba.

"Inna, ba shi ya ɗauka ba, ni ce. Ban san kina tsaye ba. Saura ɗaya a wayata, in kin ce in goge yanzu zan goge..." Na durƙusa kusa da shi. "Amma Inna, ni sai ranar na sani. Sai ranar na san kina kallona."

Gwaggo ta toshe baki da mayafi.

Can sai hannun Inna ya fito ta ƙarƙashin labule, ya ja ambulan ɗin ciki.

"A tashi a ba ni wuri. Murhu zan sa shi."

Maganar goro ba ta sake tayar da ita ba. Maganar wayata ma ba ta ce uffan ba.

Kwana uku ina cin tuwo ba na jin ɗanɗanonsa. Ran na huɗu Baba ya dawo daga masallaci yana gyaran murya, ya ce wa Gwaggo, "An ce a sa rana bayan Sallah."

"Wa ya ce?"

"An dai ce."

Na ruga na hau turmi har na kusa faɗowa!

Biki ya yi daɗi, Alhamdulillahi. Sahura ma ta zo ta sha anko, ta ce in yafe mata, na yafe, don farin cikina ya fi ƙarfin riƙo. Tasi'u ya ba abokinsa kyamara, ya gargaɗe shi sau uku, "Ko da wasa kar ka juya ta wajen Inna."

Ranar da za a kai ni Anka, bayan la'asar, Gwaggo ta kama hannuna ta kai ni ɗakin Inna sallama, ta fita ta bar mu. Inna na zaune bakin gado ta juya wa ƙofa baya. Na durƙusa.

"Inna, zan tafi. Ki yafe mini."

"A yi haƙuri da miji. A riƙe sallah."

Ta jawo akwatinta na ƙarfe, wanda take ajiyar tazbahar Makka da zannuwan da ba ta ɗaurawa sai Sallah, ta buɗe don ta ɗauko mini turare. Ta ɗaga zane na sama...

Sai ga ambulan.

Ba ta ga murhu ba. Bakinta har ya yi laushi ya yi duhu don yawan buɗewa.

Na ɗago kai, Inna ta yi sauri ta mayar da zane ta rufe, ta dubi bango.

"A gaya wa waccan," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "in an kai ta Anka, mai hoto ya wanko mata nata daga wayar. Wanga nawa ne."

Na kifa kaina a kan ƙafafunta ina kuka ina dariya. Ba ta dube ni ba, ba ta kira sunana ba. Amma hannunta ya sauka a kaina, kuma bai tashi ba sai da masu mota suka gaji da hon.

Tasi'u ya wanko mini nawa tun kafin a gama jeren ɗaki. Ya so ya sa shi a firam ya rataye a falo, na ce a'a, masoyi, mun yi wannan wautar sau ɗaya. Yana manne a ƙofar sif ɗina daga ciki, kusa da tsohuwar ambulan mai adireshi bakwai.

Kullum da safe in na buɗe zan ɗauki zane, Inna na kallona.