Binciken Gwaggo 'Yardada

"Husaina, Gwaggo 'Yardada ta gama bincike..." Umair ya faɗa a soron gidan su Husaina, yana kaɗa mukullin mashin, ya kasa kallonta.

Kaf unguwar Zaitawa an san gwaggonsa; in aka ba ta binciken gidan amarya, sai ta tono har kakan kaka.

"Me ta samo?"

"Wai ta gan ki ranar Talata a ɗakin masu taɓin hankali. Ta ce a dakatar da sa rana, abin a jini yake."

Husaina ta haɗiye kuka. Tun rasuwar Baba ƙanwarta Ummi ta daina magana, ta daina makaranta, sai haɗa kai da gwiwa a bayan ƙyaure. An sha rubutu, an yi hayaƙi, shiru. Bayan soja sun sauka ne gwamnati ta buɗe ɗan ɗaki a asibitin unguwa, inda wata likita ke zama da yara tana jin damuwarsu. Jiya-jiyan nan Ummi ta nemi ɗumame da bakinta, har Inna ta yi hawaye.

"Ummi nake kaiwa. Ina son ka, Umair, Allah ya sani... amma in sai na daina kai ta za a sa ranar, a fasa!"

"Haba, sanyin idona, wa ya ce..."

"Tsaya! Ɗakin nan can ƙuryar asibiti yake, ba hanya ba ce. Me ya kai Gwaggo?"

Mukullin ya daina ƙara.

"Hassana," ya ce a hankali. "'Yarta, wadda ake cewa tana ƙauye wajen dangi. Tana cikin ɗaki, ba ta fita..."

Laifi tudu ne! Amma maimakon haushi, tausayin matar ne ya kama Husaina. Ashe tsoro take kar amarya ta shigo dangi ta gane ita ce ke kai 'yarta ɗakin nan.

Da Talata ta zagayo, Husaina ta tarar da Gwaggo a kan bencin asibiti, mayafi har hanci, Hassana na gefenta. Husaina ta riƙo hannun Ummi, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta. Gwaggo ta kau da kai, sai ga hawaye.

"Taki... ta fara magana?"

"Ta fara, Gwaggo. Taki ma za ta yi, in sha Allahu."

Gwaggo ta matsa, ta share benci da gefen mayafinta.

"Zauna nan, 'yata. Ki gaya wa mara kunyar yaron nan ya turo manya a sa rana."