Sunan da Inna Tasalla Ba Ta Faɗa Ba

Ana gobe za a bayyana wanda ya ci gasar tarihin gida ta makarantun ƙasar Kazaure, sai Malama Ma'u ta tarar da aiki ɗaya ɗauke da sunan mutum biyu.

Ita ce shugabar alƙalan gasar, mace 'yar firit, ba ta da hayaniya, amma an ce ko mijinta bai taɓa yi mata ƙarya sau biyu ba. Ta fara da aikin Yasmin, wata ɗaliba 'yar Roni. Labarin shekarar fari ne, lokacin da shanu suka riƙa faɗuwa a tsakanin duwatsu, har wani makiyayi ya kwanta ya kara kunnensa jikin dutse, ya daɗe yana saurare, sannan ya ce a tona nan. Aka tona, ruwa ya ɓulɓulo, mutane da dabbobi suka durƙusa tare suna sha. A ƙarshe Yasmin ta rubuta: “Daga bakin kakata, Inna Tasalla, da yardarta.”

Da ta buɗe na Abdulnasir, ɗan wani babban ma'aikaci, sai ga labarin nan sak, sai dai babu kaka a ƙarshe, babu kowa. Dokar gasa kuwa, wanda ya saci aikin wani a kore shi, a kuma faɗi sunansa gaban taro. Sauran alƙalai har sun gama yanke hukunci: yaron ne ya riga miƙa nasa, saboda haka yarinyar ce ɓarauniya, ta liƙa kakar ne don rufa wa kanta asiri.

Malama ta ce a dakata. Ta hau Keke Napep zuwa shagon Ɗayyabu, inda aka buga wa ɗaliban biyu aikinsu.

“Wa ya fara kawo maka?”

“Wallahi Malama, shagon cike yake a makon nan. Na yarinyar dai a rubuce ta kawo. Shi kuwa a waya ya turo.”

“Ka ba wani aikinta?”

“Ni da nake neman albarkar sana'a? Na dai bar shi kan tebur yana jiran bango.”

Ta leƙa teburin, ga shi a bakin ƙofa, kowa na iya tsayawa kansa. Ta sallami Ɗayyabu da laifin sakaci kawai.

Ta kira Yasmin. Idon yarinyar ya kumbura don kuka.

“Malama, in aka kira ni ɓarauniya, Baffa ba zai bar ni na koma makaranta ba.”

“Share hawayenki. Kakar taki na iya shiga mota?”

Washegari aka taru a ofis kafin a buɗe taro. Abdulnasir ya shigo ƙamshin turare na riga shi, ya gaida kowa da ladabi.

“A ina ka samo labarin nan?”

“A Roni, Malama. Lokacin hutu na je a babur, wata tsohuwa ta ba ni.”

“Me ya hana ka rubuta sunanta?”

“Na manta ne.”

“To karanta mana inda ta fara zancen makiyayin.”

Ya gyara murya. “Sai mijina Mamuda ya kwanta jikin dutse.”

“Haka ta faɗa maka, da bakinta?”

“Haka ta faɗa.”

Wani dattijo cikin alƙalan ya sunkuyar da kai. Malama ta ce a shigo da baƙuwa. Yasmin ta shigo riƙe da hannun wata doguwar tsohuwa, ta rame kamar kara amma miƙe take tsaf. Mazan da ke ofis suka miƙe ba wanda ya ce su miƙe.

“Inna, sannu da hanya. Kin san yaron nan?”

Tsohuwa ta ƙare masa kallo. “Ɗan wa ne? Yana dai da kyau.”

“Inna, yaya sunan maigidanki?”

Sai ta ja mayafi ta rufe fuska. “Ke 'yar nan, ba ki da ta ido? Tambayi yarinya mana.”

“Ko sau ɗaya, Inna, don alƙalai.”

“Shi ma da yake raye bai taɓa ji a bakina ba, sai alƙalai? Jikana da aka sa wa sunan, Mai Sunan Malam nake ce masa har ya yi gemu.”

Malama Ma'u ta juya ga alƙalai. “A aikin Yasmin, duk inda Inna ke magana, Malam take cewa. Sunan marigayin wuri ɗaya ya fito, a shafin farko, inda jika ta sadaukar da aikin ga kakanta. Abdulnasir ya ɗauki hoton takardun a shagon Ɗayyabu, ya ga an ce Malam, Malam, ya zaci mantuwa ce. Sai ya ɗauko sunan daga sadaukarwar ya cusa a bakin matarsa, don aikin ya fi na mai shi cika. Wanda ya taɓa zama gaban Inna ba zai yi wannan ba.”

Dattijon nan ya riƙe haɓa yana kallon Malama, yana ta maimaita ikon Allah a hankali. Abdulnasir kuwa gumi ya wanke turaren.

“Labarin ne ya yi min kyau, Malama. Na ga ai na tsofaffi ne, ba na kowa ba.”

“Na Inna ne, ita ta sha ƙishin. Yasmin ta roƙa, aka ba ta, ta faɗi wanda ya ba ta. Kai ka ɗauka ka goge su duka biyun.”

Aka cire shi daga gasar. Da aka shiga zauren taro, Yasmin ce ta ɗaya. Aka karanta labarin a lasifika, aka ambaci Inna Tasalla gaban manyan baƙi, mutane suna ɗaga wuya su ga matar da ta ga ruwa ya fito daga dutse. Da mai karatu ya zo kan sadaukarwa, tsohuwa ta toshe kunnuwanta har ya wuce, sannan ta taɓo wani babban baƙo da ke gefenta.

“Ranka ya daɗe, ka zama shaida. Yarinya ce ta rubuta, ba ni na faɗa ba.”