Shaddar Da Ɓarawo Ya Ninke

Ruwan da aka kwana ana yi bai gama ɗaukewa ba Raliya ta faɗo ofishin 'yan sanda, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan ta baro shi cikin taɓo ba ta ma sani ba. Sufeto Abdulkahar yana bakin kanta yana shan koko. Sai da ya sa ta zauna ta maida numfashi kafin maganarta ta fito daidai. An fasa shagonsu, an ɗauke injin, mutanen unguwa kuma sun kama Nathaniel.

Babu wanda bai san injin nan ba a Birnin Gwari. Raliya tela ce, Nathaniel kuwa ɗan Gayam ne da ya karanto kwamfuta a Zariya. Shi ya haɗa manhajar da mutum zai zana adon wuyan rigarsa da yatsa a fuskar wayarsa, ya canza launi, ya ƙara fure ko ya rage, sannan injin surfani mai kwamfuta ya ɗinka zanen a jikin yadi yadda mai shi ya so. Kuɗin sayen injin ba su da shi, sai suka kai kukansu intanet. Mutane suka yi musu karo-karo, daga 'yan garin da ke zaune a Kaduna da Legas har waɗanda ba su taɓa jin sunan garin ba, a kan alkawarin kowa zai sami riga da zanen hannunsa. Ranar da injin ya iso cikin ayarin motocin da sojoji ke rakowa, har guɗa aka yi.

Amma wannan ita ce shekarar da aka yanke layukan waya, aka hana hawa babur saboda 'yan bindiga. A irin wannan lokaci, duk wanda aka kira infoma a kan titi, da wuya ya kai yamma da rai.

Saja Tasalla ce ta ƙwato Nathaniel, da ita da kurata biyu, rigarsa a yage, leɓensa a fashe. Jama'a suka biyo su har ƙofar ofis. A gabansu akwai Nu'uman, shugaban 'yan sa-kan unguwar, wanda aka kashe wa ƙane a gona bara. Bai ɗaga murya ba. Ya ce an sha ganin yaron a kan dutsen bayan gari, waya a kunne, fuska na kallon daji, ga shi yau mutanen daji sun shigo har tsakar unguwa sun san ƙofar da za su fasa. Ya ce za su jira, amma ba za su kwana suna jira ba.

Sufeto ya dubi tsakar ofishinsa. Yawancin yaransa sun tafi rakiyar ayari, ba za su dawo ba sai gobe. Ƙofar kuwa ta langa-langa ce. Ya ajiye kokon, ya ce wa Raliya ta wuce gaba.

An ɓalle kwaɗon shagon da ƙarfe. Inda injin yake zama babu komai sai sawun ƙafafunsa huɗu a siminti. Sufeto ya tsaya yana kallon abin da aka bari, domin shi ya fi damunsa. Ga batirin sola a lungu, ga fitila mai caji a rataye. Ya yi aiki a Dogon Dawa, ya san abin da mutanen daji ke fara wawura idan sun shiga ɗaki, kuma bai taɓa jin sun tsallake batir ba.

Zaruruwan da ke shiga injin ba tsinke su aka yi ba. An yanke su da almakashi, an naɗe bakin kowanne a jikin kwarkwaronsa. A kan tebur kuma ga wata farar shadda an ninke ta gida uku, baya a waje, an shimfiɗa ƙyalle a kan adon don kada ya gogu, an ɗaure da zare.

"Wa ya ninke wannan?"

Raliya ta kalli ƙofa. "Ni ce, Yallaɓai. Jiya kafin mu tashi."

Ya lura da yadda ta cusa hannuwanta cikin hijabi. Ya ɗauki shaddar.

Da ya koma ofis taron ya ƙaru. Wasu sun dogara da gorori, wasu yara sun hau katanga. Ya sami Nathaniel a bayan kanta, ya haɗa kai da gwiwa, duk sa'ad da aka yi tari a waje sai jikinsa ya zabura.

Da aka tambaye shi inda yake jiya da yamma, sai ya ce coci, wurin koyon waƙa. Saja Tasalla ta yi tsaki. Ta ce cocinsu ɗaya, kuma ita tana can har aka tashi, ba ta ga ko inuwarsa ba.

"Ɗan'uwa, ƙarya a nan kashe ka za ta yi," in ji ta a hankali. "Ka faɗa wa oga."

Hawaye suka zubo masa. Ya ce a kan dutsen yake. Nan kaɗai sabis ɗin wata jiha kan leƙo, idan mutum ya hau can ƙoli ya juya wa gari baya. A nan yake sauke zanen da mutane suka turo, a nan yake aika musu hoton aikin da aka gama, don kada su ɗauka damfararsu aka yi. Ya san yadda ake kallonsa idan ya sauko. Ya sha cewa ya daina, amma mutanen da suka amince da su tun ba su gan su ba fa, me zai ce musu?

Sufeto ya ajiye shaddar a gabansa.

Nathaniel ya share ido, ya dube ta da mamaki. Ya ce rigar wata amarya ce a Kaduna, ita ta zana furen da kanta. Jiya hadari ya hana sola caji, injin ya mutu a tsakiyar aiki, allura a cikin yadi. Raliya ta ce a bar shi haka, idan rana ta fito ya ci gaba daga inda ya tsaya. Tare suka kulle shagon, shaddar na ɗaure a firam ɗin injin.

"Kai za ka iya cire ta?"

"Ni? Ranka ya daɗe, ko maɓalli ban iya sawa ba. Da na taɓa da ta yage."

Wani dutse ya sauka a kan kwanon ofis. Nathaniel ya rufe kansa da hannu biyu. Sufeto ya ce wa Tasalla kada ta bar bakin ƙofar nan ko me za a yi, ya fita ta baya.

Bakoji mai shayi, wanda rumfarsa ke kallon shagon, shi ake cewa ya ji ƙarar babura. Ya tarbi Sufeto da surutu, ya ce babura sun fi a ƙirga, ƙasa har rawa take.

"Ina suka tsaya?"

"Nan gaba kaɗan."

Sufeto ya kama hannunsa ya ja shi wurin. Taɓon ya riƙe sawun kowa, har na akuya, amma babu sawun tayar babur ko ɗaya. A bayan shagon ne kawai wata taya ɗaya siririya ta nutse cikin laka, ta bi lungu, ta ɓace a inda ruwa ke gudu.

"Malam Bakoji, babur nawa ka sani mai ƙafa ɗaya?"

Mai shayin ya sosa ƙeya. Ya ce shi gaskiya barci ya yi, ruwan nan ya yi daɗin barci. Da safe ya ji masu shan shayi suna zancen babura, shi kuma bai so a ce abu ya faru a gaban rumfarsa bai sani ba. Abu ɗaya dai ya ba shi mamaki. Baron da yake ɗebo itace da shi, a tsaye ya bar shi jiya da lakarsa, yau ya tarar an wanke shi an kife.

Ɓarawon da ke mayar da baro, ya yanke zare da almakashi, ya ninke kayan amarya. Sufeto ya fara gane cewa ba mugun mutum yake nema ba, kuma irin waɗannan su ne mutane suka fi rufa wa asiri.

Ya sami Raliya zaune a dakalin shagon, ta zuba wa ƙasa ido. Ya zauna daga gefe, ya gaya mata abin da Nathaniel ya faɗa. Ya gaya mata an fara jifa, kuma ƙofar ba za ta jure turi ba.

"Ƙanwata, ninkin wa ke nan?"

Da ta buɗe baki, muryarta kamar ba tata ba. Ta ce ninkin marigayi Malam Abdulsamad ne, wanda ya koya mata ɗinki. Shi kaɗai ke ninke kaya haka a garin, kuma da ma'aunin katako yake bugun yatsun duk almajirin da ya bar yadin mutane a warwatse, har sai abin ya shiga hannu, mutum ya yi shi bai sani ba. Su biyu kawai suka zauna har suka gama a wurinsa. Ita, da Isah.

"Wane ne Isah?"

"An sa mana rana bayan girbi," ta ce, sai kukan da ta riƙe tun safe ya ƙwace mata. Tun da ta ɗora ido a kan shaddar ta gane. Ta yi ta gaya wa kanta zai fito da kansa, ba zai bari a taɓa Nathaniel ba, don ta san zuciyarsa. Ga rana ta karkata bai fito ba.

Sufeto bai nufi shagon Isah kai tsaye ba. Ya koma gaban ofis, ya ratsa taron, ya tsaya gaban Nu'uman. Ya ce ba roƙonsa ya zo yi ba, shaida yake nema, mutumin da jama'a za su yarda da idonsa. Idan abin da za su gani bai gamsar da shi ba, ya dawo ya yi abin da ya ga dama, amma sai ya bi ta kan Sufeto tukuna. Nu'uman ya dube shi, sannan ya ce wa yaransa kada wanda ya motsa, ya saɓa gorarsa ya biyo shi, Raliya na biye da su.

Isah yana kan keken ɗinkinsa yana taka shi da ƙarfi, allura na hawa da sauka, babu yadi a ƙarƙashinta. Dogo ne, mai sanyin fuska, idanunsa sun yi ja. Ya miƙe ya gaishe su. Ya ce ya ji abin da ya faru, Allah ya tona asirin 'yan daji. Jiya kuwa tun isha'i yana gida.

Sufeto ya kwance shaddar, ya warware ta, ya jefar a ƙasa kusa da bakin ƙofa inda takalma suka shigo da laka.

Kafin ta gama sauka Isah ya sunkuya ya cafe ta. Ya karkaɗe, ya juya bayanta waje, hannunsa ya kai gida na biyu kafin ya tsaya. Ya kalli hannuwan nasa. Sannan ya ɗaga kai ya ga Raliya a bakin ƙofa.

"Yaya Isah," abin da ta iya cewa ke nan.

Ya zauna a kan benci. Ya nuna labulen ɗakin ciki. Nu'uman ne ya ɗaga. Injin yana can a kan bulo huɗu don kada ruwa ya taɓa shi, an lulluɓe shi da leda, an ƙara zane a sama.

Isah ya yi magana kansa a ƙasa. Ya ce bai yi niyyar sayarwa ba, bai yi niyyar lalatawa ba. Wata mata a Kaduna ta yi wa Raliya tayin shago a can, kuma ya ga yadda fuskarta ta yi haske da ta ji. Shi ba shi da komai sai wannan keken da mahaifiya tsohuwa da ba za ta bar garin ba. Ya ɗauka idan injin ya ɓace na ɗan lokaci, maganar Kaduna za ta mutu, a yi bikinsu, daga baya a tsince shi a wani kango. Shi ya jefa zancen babura a teburin mai shayi don a ce 'yan daji ne, tunda su ba a kama su.

"Da ka ji an kama Nathaniel fa?"

"Na fito sau biyu, Yallaɓai. Na kai kwanar ofishinku, na hango gorori, na dawo."

"Ka san abin da ake yi wa infoma."

"Na sani."

Nu'uman ya sauke gorarsa ƙasa a hankali, ya jingina da bango. Ya ce da Sufeto ya ƙara jinkiri kaɗan, da yanzu akwai jinin yaron nan a hannunsa.

Sufeto ya sa wa Isah ankwa. Aka ɗora injin a baron Bakoji, Nu'uman da kansa ya tura shi a gaba, ledar a buɗe don kowa ya gani. Da suka iso, ya hau dakali ya faɗi abin da idonsa ya gani, ya ce duk wanda ya ƙara ɗaga dutse, a kan Isah ko a kan Nathaniel, da shi zai yi. Taron ya fara zarewa, kowa yana kallon wani wuri. Ba wanda ya nemi gafarar Nathaniel.

A bakin kanta aka yi kiciɓis, ana shiga da Isah, Tasalla na fitowa da Nathaniel. Kurata suka wuce da Isah ciki. Raliya ta bi bayansa da ido har ƙofar ta rufe, sannan ta juyo ta durƙusa a gaban Nathaniel, ta gaya masa tun safe ta sani.

Ya dube ta, leɓensa a kumbure. Bai yi fushi ba, kuma bai ce ya yafe mata ba. Ya taka zuwa ƙofa, ya leƙa titin da ya zama fayau, ƙafarsa ta ƙi tsallake dokin ƙofar.

"Anti Tasalla," ya ce, "don Allah ki raka ni gida. Mama ba ta san ina raye ba."